Masakin Gwaggo Tumba

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, ga magana nan tafe, kuma ba tatsuniya ba ce. Mai goyo ta rarrashi ɗanta, mai tari ya fita ya gama ya dawo. Tun da kunka taru don sadakar Gwaggo Tumba, kunka ci gumba kunka sha kunu, ba mai tashi sai ya ji abin da ni Hajo, ɗiyar ƙanenta Manu, na gani da idona.

Kowa a nan ya san zamanta. Tana ƙofar bukka, murhu a gabanta, tsinkayen ƙarfe cikin garwashi, ƙwarya bisa cinya, bayanta ga tafki. Tun da anka kawo mu wanga wuri har ta koma ga Mai ita, matar nan ba ta taɓa juya fuska ga ruwan Kainji da gangan ba. Allah ya taimake ta alƙibla tana gabas, tafki yana yamma, da ban san yadda za ta yi da salla ba. Ko sunan tafki ba ta ba shi, Ɓarawo take ce mishi. In iska ta taso daga can sai ta toshe hanci ta ce, "Kun ji warin Ɓarawo?" Kifinsa kuwa bai taɓa shiga bakinta ba. A garin masunta fa! Ko kan tarwaɗa guda anka jefa a miya, hancinta zai gaya mata.

"Uwata tana ƙarƙashin ruwan ga," in ji ta. "Kifin da ya yi kiwo bisa kabarin uwata ni zan ci? Ku dai ku ci, marasa kunya."

Gaisuwarta kuma guda ce, ga babba ga yaro. Ka yi sallama, ba ta ɗago kai ba za ta ce, "Ban yafe ba, amma zauna." Wani baƙo mai sayar da gishiri ya taɓa cewa, "Inna, yau na fara ganinki, me na yi miki?" Ta ce, "In ba ka yi ba, za ka yi. Zauna."

Ku yaran yanzu kuna dariya, don ba ku san abin da anka ƙwace mata ba. Bari in gaya muku.

Mu mutanen gungu ne. Garinmu Gungun Marke, tsibiri tsakiyar Kwara, ruwa ta ko'ina, ƙasa baƙa wuluk mai laushi. Albasarmu har Yelwa ake rububinta. Da ƙwarya muke ban ruwa: ka tsaya bakin kogi, ka kamfato, ka watsa wa fangali, tun safe har rana ta karya. Gwaggo ta fi kowa hannu a wannan. Mijinta ya rasu tun tana da ƙuruciya, ba ta haihu ba, ta dawo gidan ubansu, inda babana Manu ke zaune da mu. Ɗakinta yana jingine da ɗakin uwarsu, kuma bayan wannan ɗakin anka rufe tsohuwar da ta rasu.

Sai anka ce Bature ya tafi, mulki ya dawo hannun namu. Munka ci ado munka haye Yelwa, anka yi kiɗa anka yi rawa. Ba a jima ba sai ga wasu mutane cikin jirgi mai inji, da gajeren wando da doguwar sanda mai zane, suna leƙa wani abu mai ƙafa uku, suna shafa wa itatuwa jan fenti. Anka ce za a datse kogi can Kainji, a yi wutar lantarki. Mai garinmu ya tara mu ya ce mu kwantar da hankali, ruwa ba zai wuce gindin marke ba. Ya dangwala babban yatsansa a tawada ya danna a takardarsu. Gwaggo ta ce, "Bature ya ci harajinmu ya bar mana ƙasa. Namu sun zo su ɗauke ƙasar kanta. To, barka da mulki!"

Ruwa kuwa ya zo. Ba da gudu ba, a hankali, kamar mai jin kunya. Ya ci fangalin albasa, ya ci gindin marke, ya hau. Anka ce kowa ya kwashe kayansa. Babana shi ke da babban jirgi a gungun, shi ya yi ta jigilar mutane da awaki da turame zuwa gaɓar gabas. Kowa ya fita, sai mutum guda. Gwaggo ta hau rumbu ta shige ciki, ta ja murfin jinka ta rufe kanta.

Baba ya tsaya ƙasa, ruwa a idon sawunsa.

"Yaya, sauko. Ruwa ya kai turken awaki."

"Ya zo ya same ni. Na riga shi zuwa."

"Yaya, don girman Allah."

"Kai dai je ka tuƙa jirginka, ɗan dakon gwamnati! Ni ba ni barin Inna ita kaɗai."

Ya yi roƙo, ya yi magiya, har murya ta dushe. Da ya ga ruwa ya kai gwiwa, sai ya kira maza biyu, sunka ɗaga jinka, ya jefa mata taru. Wallahi taru, na kamun kifi! Rumbun nan cike yake da ƙoren ban ruwa, tarun ya haɗo ta da su, anka sauko da ita tana harbi, ƙore suna ƙwaram-ƙwaram, anka kwantar da ita cikin jirgi kamar giwan ruwa. Da Baba ya sunkuya zai kwance ta, ta kama kunnensa da haƙori. Waɗanda sunka san shi sun san ɓallin nan na kunnensa na dama. To, ba kifi ba ne, yayarsa ce.

Ta ce, "Manu, ka ɗauke ni daga kan uwata kamar kifi. Daga yau bakina da naka sun rabu."

Ta kuwa cika. In tana da magana da shi, ko yana zaune gabanta, ni za ta kira. "Hajo, gaya wa ubanki akuyarsa ta ci mini wake." Shi kuma ya ce, "Hajo, ce mata a yi haƙuri." Ina tsakiya kamar tabarma, kowa ya taka ni ya wuce.

Gidajen da anka kawo mu kun gan su, wasu har yau suna tsaye. Siminti, rufi lanƙwashe kamar jirgin da anka kife, jere reras, duk iri guda. Da rana ciki kamar tanda. Ba wurin rumbu, ba wurin turke, ba inuwa. Kamarsu ta kai har Liman ya taɓa shiga gidan maƙera ya zauna yana jiran a kawo mishi tuwo. Gwaggo ta leƙa nata sau guda, ta tofar da yawu, ta kora awakinta ciki. Awakin sunka fito da gudu. Ta ce, "Kun gani? Ko akuya ta san kabari." Ta yanko kara da ciyawa ta kafa bukka a gefe, ƙofa tana kallon gabas. Lantarkin da anka nutsar da mu dominsa kuwa, ya wuce birane abinsa. Mu da fitilar kwai munka tsufa. Wannan ni ma ban yafe ba.

Da farko zama kawai take yi, ga tulin ƙoren ban ruwa a gefenta, ba albasar da za a ba ruwa, ƙasar nan tsakuwa ce. Ta rame, ta bushe, ba ta magana sai zagi. Muna cewa baƙin ciki zai kashe ta kafin damina. Abin da ya tashe ta kuwa, gardama ce.

Wata rana mata suna sussuka kusa da bukkarta, hira ta kai ga gungu. Wata ta ce tsamiyar nan babba bayan gidan maƙera take. Wata ta ce a'a, gaban masallaci take. Sunka yi ta ja. Sai Gwaggo ta miƙe tsaye.

"Tun yanzu? Tun yanzu kun manta? Ɓarawo ya ci garin, ku kuma za ku cinye sauran? Tsamiya tana tsakanin maƙera da mashaya, 'yan banza, nan anka yi wa rabinku kitso!"

Wadda ta fara maganar ta ce, "Gwaggo, ai ba mai shaida yanzu."

Gwaggo ta sunkuya. Ta fizgo tsinken ƙarfe daga murhu, ya yi ja, ta ɗauki ƙwarya guda, ta dafa mata shi a ciki. Hayaƙi ya tashi. Ta ja layi, ta zagaya, ta ɗiga. Ga maƙera, ga hanyar mashaya, ga tsamiya da rassanta. Ta cilla wa matar a cinya ta ce, "Ga shaida." Matar ta duba, ta duba, sai ta fashe da kuka, don ta ga ƙofar ɗakin da anka haife ta.

Daga ranar nan hannunta bai huta ba. Ƙwarya guda, gida guda: zaure, ɗakuna, rumbuna, turke, inda tulu ke zama, inda anka rufe wane da wance. Duk duniya a bayan ƙwarya ake zane, don a gani a yaba. Ita a ciki take yi. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Garin yana sama ne? Yana ƙasa. A ƙasa zan sa shi." Tana zane tana zagi, kuma in ba ta yi fushi ba hannunta ba ya tafiya daidai. Ranar da ta tashi da sanyin rai, sai ta ce, "Hajo, faɗa mini abin da Mai gari ya ce game da gindin marke." In na faɗa, sai ta ce, "Yawwa!" ta ja ƙarfe. Ta yi ƙiba, wallahi. Fushin nan shi ya zame mata tuwo.

Kowane gida ya zo ya roƙi tasa, ta yi musu, ba ta karɓar komi. Sharaɗinta guda ne: ba a zuba wa ƙwaryarta ruwa. Ko fura, ko kunu, ko ɗigon alwala. A rataye ta a ɗaka, a dube ta, shi ke nan.

To, ɗan maƙera ya auro wata yarinya daga Shanga, Dije, ba wanda ya gaya mata. Ta ga ƙwarya mai kyau a rataye, ta sauko da ita ta zuba shinkafa ta cika da ruwa tana wankewa a tsakar gida. Gwaggo ta zo wucewa ta hango. Jama'a! Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu:

"Wayyo Allah! Ku fito! Gidan maƙera ya nutse! Ruwa ya ci gidan maƙera!"

Maza sunka fito da gudu, wani da igiya, wani da gora, maƙeri ya bar ƙarfe a wuta. Sunka tarar da amarya tsugune da ƙwarya.

"Gwaggo, me na yi? Shinkafa kawai nake wankewa."

"Su ma haka sunka ce. Lantarki kawai za mu yi."

Ta karɓe ƙwaryar, ta juye shinkafar a zanen yarinyar, ta goge ciki da gefen mayafinta ɗaki ɗaki, tana cewa, "Sannunku, sannunku, an sake nutsar da ku." Dije ta yi kwana da kwanaki ba ta iya ɗaga ido. Daga baya kuwa ta fi kowa tsare dokar. Na taɓa ganin ta mari ɗanta don ya yi atishawa kusa da ƙwaryar.

Liman ma ya zo, da sandarsa da carbinsa.

"Ban yafe ba, amma zauna, Malam."

Ya zauna ya yi gyaran murya ya ce ya ji ana zane-zane, kuma zana mai rai ba shi da kyau. Gwaggo ta miƙa mishi ƙwarya.

"Duba da kyau, Malam. Ka ga mutum?"

"A'a."

"Ka ga akuya? Kaza?"

"Babu."

"To ai an kwashe su. Ba mai rai a garin ga, sai matattu."

Liman ya yi ta juya ƙwaryar. Can ya sassauta murya ya ce, "Tumba, masallaci fa? Za a samu?" Ta yi mishi, har da kututturen da ladan ke hawa. A alƙibla ya rataye ta har ya rasu.

Mai gari shi ya zo daga ƙarshe, da rawani da 'yan rakiya, ya ce bai kamata talakawa su sami nasu shi bai samu ba. Ta ce ya dawo ran kasuwa. Munka yi mamaki da ta amsa da sauri haka. Ran kasuwa ya dawo, jama'a sun taru, ta miƙa mishi ƙwarya rufe da faifai. Ya buɗe. Ba zaure, ba ɗaki, ba rumbu. Tsakiyar ƙwaryar wani baƙin tabo ne guda, ƙwai-ƙwai, da siraran layuka zagaye da juna, sak sawun babban yatsa.

"Tumba, mene ne wannan? Ina gidana?"

"Ranka ya daɗe, ai shi ke nan. Abin da ka bari ke nan a gungu. Ka kwantar da hankali, ba zai wuce gindin marke ba."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, sauran sunka bi. Mai gari ya cusa ƙwaryar cikin babbar riga ya tafi. Amma bai fasa ta ba. Matarsa ta gaya mini a ƙarƙashin gado yake ɓoye ta, yakan fito da ita ya daɗe yana kallo.

Gida guda ne ba ta yi wa ƙwarya ba: namu. Na Manu.

Ta sa anka kawo mata masaki daga kasuwar Wara, babba, wanda za a yi wa yaro wanka a ciki. Nan ta zuba gungun gaba ɗaya. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, tana kai. Kowane gida a mazauninsa, kowace hanya, marke, tsamiya, masallaci, mashaya, fangalin albasa jere a gefe kamar haƙoran mataji. Mutane daga wasu ƙauyukan gaɓa suna zuwa kallo. Amma can ƙasa, daidai gindin masakin, akwai fili fari fat, sumul, ƙarfe bai taɓa shi ba. Kowa ya san gidan wa ke nan. Kuma ku lura, gidan ubanta ne ita ma, da ɗakinta, da ɗakin uwarta, da kabarin. Ta yarda ta hana kanta don ta hana Manu. Haka fushinta yake.

Baba bai taɓa roƙo ba, sai da idonsa ya tafi. Ya tafi a hankali, kamar na masunta da yawa. Wata safiya ya ce mini, "Hajo, da ina rufe ido in ga gidanmu. Yanzu ido ya rufe da kansa, gidan kuma yana gudu. Jiya na nemi ƙofar ɗakin Inna na rasa ta wane gefe take. Ina tsoron in mutu ba ni da inda na fito. Je ki ce mata ta sa ni."

Na je na faɗa. Ta ce, "Ce mishi ya jefa taru ya kamo gidan."

Na koma, na sake komawa, har ƙafata ta san hanyar da kanta. Ya aika da goro, ta maido. Ya aika da zane, ta shimfiɗa wa akuya. Ni kaina na yi fushi na ce, "Gwaggo, ba ki jin tsoron Allah? Mutum ya makance!" Ta ce, "Ni da ido biyu anka sa ni na ga abin da na gani. Shi ya huta."

Ran nan da hantsi Baba ya ce in kama mishi sanda. Na ja shi har ƙofar bukkarta. Ba ta ce mishi ko zauna ba. Shi kaɗai ne ba ta yi wa wannan gaisuwar. Ya zauna a ƙasa, ya lalubo masakin, ya sa yatsa a ciki. Zanen wuta yana da zurfi, makaho yana karanta shi. Ya bi hanya yana faɗi: "Mashaya. Tsamiya. Maƙera. Gidan Liman." Yatsan ya gangara ya faɗa fili sumul. Ya tsaya.

"Hajo, tambaye ta, nan fa?"

"Hajo, ce mishi nan Ɓarawo ya ci, da taimakon wani."

Na dubi Baba. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya san yayarsa, ai ciki guda sunka fito. Sai ya juyo gare ni, ya ɗaga murya yadda duk masu sussuka za su ji.

"Ba komi, Hajo. Bari in gaya miki yadda gidanmu yake, ki riƙe, ki gaya wa 'ya'yanki. Zaure yana kallon yamma."

Gwaggo ta motsa. Zaurenmu kudu yake kallo.

"In ka shiga, rumbu yana hannun dama. Rumbu guda ne, ƙarami."

Na ji ta ja numfashi ta hanci. Tsinken da ke cikin garwashi ya fara ja.

"Ɗakin Inna kuwa yana can kusa da turken awaki. Kuma a nan bayan turke munka rufe ta, in ban manta ba."

"Ƙarya kake, makaho maƙaryaci!"

Masu sussuka sunka tsaya da taɓare a sama. Ba ta ce Hajo ba. Shi ta yi wa magana, baki da baki.

"Uwata bayan turken awaki? Manu, uwata? Kai da ka haƙa kabarin da hannunka? Kawo hannun nan!"

Ta fizgo masakin ta fizgo ƙarfe. Hayaƙi ya turnuƙe. Tana ja tana zagi, in layi ya huce ta kamo yatsansa ta danna a kai. "Ga zaure, kudu, ɗan dakon gwamnati! Ga rumbu, biyu ne, ga wanda ka kama ni ciki kamar tarwaɗa! Ga ɗakinka, ga nawa, ga inda Inna ke aje tulu!" Shi kuwa sai "To, Yaya. Haka ne, Yaya," hawaye na bin gemunsa, yana dariya.

Ta sake ɗauko wani tsinke, ja zur, ta zana ɗakin uwarsu. Ta kai bayan ɗakin, inda kabari yake, ta dafa ƙarfen. Zagin ya tsaya. Hannun bai ɗaga ba. Muna kallo, hayaƙi na tashi, ita ba ta ganin komi. Sai tsinken ya faɗa, ya fita ta ƙasan masakin.

Na ce innalillahi. Aikin shekaru, ya huje a gindi.

Baba ya lalubo, ɗan yatsansa ya shige ramin. Ya ce, "Yaya, na sa kin ɓata masakinki."

Ta daɗe tana kallon hujin. Sa'an nan ta goge fuska da bayan hannu ta ce, "Hajo, ɗauki tulu. Je ki ɗebo mini ruwa."

"Na rijiya, Gwaggo?"

"Na Ɓarawo."

Na tafi na ɗebo. Kafin in dawo gari ya taru, har Dije da goyonta, har Mai gari a bayan jama'a. Gwaggo ta ɗora masakin bisa duwatsun murhu, ta sa hannun Baba a ciki, ta toshe hujin da yatsanta ta ƙasa. Ta ce in zuba. Na zuba. Ruwa ya ci gidanmu, ya ci maƙera, ya ci masallaci, ya ci marke, ya cika har baki. Wata tsohuwa ta fara kuka. Gwaggo ta sunkuya ta dubi ruwan nan ido da ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce:

"Ka ci, ka ƙoshi? To fita. Ta wurin uwata za ka fita."

Ta zare yatsa. Ruwa ya fara tsiyaya cikin toka, yana sauka. Ita kuwa tana jan hannun ƙanenta tana faɗa mishi.

"Manu, fangali sun fito. Ga marke ya fito. Ga masallaci. Ga tsamiya, taɓa. Maƙera sun fito."

Kowa ya ji sunan gidansa sai ya amsa, kamar ana kiran sa daga nesa. Ruwa ya yi ta sauka har ya rage ɗan kaɗan a gindi, ya yi juyi, ya shige. Ta danna tafin hannunsa a wurin.

"Ga gidanka. Ban yafe ba, amma zauna."

Baba ya ce, "Ai na zauna, Yaya."

To, ga yadda kowa ya ƙare. Liman ya rasu, ɗansa ya gaji limanci da ƙwaryar masallaci. Mai gari ya rasu, anka sami tasa ƙarƙashin gado an shafe ta da hannu har ta yi sheƙi. Dije ga ta can zaune da jikokinta, tana ɓoye fuska, har yau ba ta wanke shinkafa sai a roba. Baba bai ga wata damina ba bayan wannan. Kullum da hantsi yana ƙofar bukkar, hannu cikin masaki, suna faɗa kan wa ya fi cin tuwo suna yara. Ranar da anka ɗauke shi, Gwaggo ta tsaya gaban makara ta ce, "Ku shaida, na yafe wa Manu. Ɓarawo dai ban yafe ba." Ita kuwa ta daɗe bayansa, har hannu ya kasa riƙe ƙarfe, ba ta ci kifi ba, ba ta juya ba. Masakin yana ɗakina. Duk shekara in ruwa ya fara cika, nakan sauko da shi in zuba mishi tulu guda, yara su kira gidajen kakanninsu suna fitowa.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tumba. Allah ya sanyaya mata abin da duniya ta ƙona. Ya haɗa ta da Innarta da ƙanenta a gidan da ba mai zuwa ya auna shi, ba mai cewa su tashi. Ku ce amin.